Sa Hannun Nicanor

New York, 17 ga Mayu, 1937

Gwaggo Baudilia,

Ki sa mini albarka. Ina gaishe ki, ina gaishe da duk mai tambayata a Yauco, can gida Puerto Rico. Yaya ƙafar taki? Doña Chepa ta zo ganin ɗanta, ta ce ta bar ki kina dogara sanda zuwa coci, kuma kin hana kowa ya kama ki. Mu nan lafiya lau. Sanyi ya wuce, tarin mijina Moncho ya yi sauƙi har ya koma aiki, ni kuma ina kan keken ɗinki kamar kullum, kwalar riga daga safe har yamma.

Rabon da in rubuto miki tun rasuwar maigidanki Kawu Tomás, ki yafe mini. Baba yakan ce shi da Kawu Tomás kakansu ɗaya, kuma teku ba ta yanke zumunci, lalaci ne yake yanke shi.

Maganar ƙanenki ce, Kawu Nicanor, da yake zaune a ɗakinmu na baya shekara tara ke nan. Ranar Asabar ya shiga jirgin ruwa. Ya rarraba littattafansa, ya ba Moncho babbar rigarsa ta sanyi. Ya ce in gaya miki haka, kada in ƙara kada in rage: "Ki ce wa Janar na gaji da zama inda ba a jin abin da nake faɗa. Na tafi inda ake jin yarenmu, kuma akwai aiki yana jirana." Kin san Janar yake kiranki.

Ba zan iya faɗin fiye da haka a takarda ba. Tun harbin da aka yi wa mutanenmu a Ponce, kin fi ni sanin hannuwa nawa wasiƙa mai sunan gidanku take bi kafin ta iso.

'Yarki,
Provi

Yauco, 21 ga Yuni, 1937

Providencia 'yata,

Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa Moncho lafiya. Ƙafa tana nan, ita da damina ba sa shiri. Chepa kuwa ta ji da tata.

Na gane abin da ba ki faɗa ba, kuma kin yi hankali. Mutumin da aka ɗaure sau biyu ba ya dawowa gida da kiɗan ganga. Ban gaya wa kowa ba sai fada, limamin cocinmu, da maƙwabciyata, da mai yankan nama, don shi ne ya samo mini ɗan akuyan da na ɗaure a bayan gida. Na sa an shafe ɗakinsa da farar ƙasa, na fito da zanin gadon mahaifiyarmu na shanya.

Shekara goma sha shida, Providencia. Ranar da ya tafi gashinsa baƙi wuluk, ni kuma haƙorana cikakku. Ke yarinya ce lokacin, ba ki san shi a nan ba. Naɗin taba ya koya a Ponce, amma hannunsa bai taɓa yin sauri ba. Murya Allah ya ba shi, shi ya sa masu naɗin suka ɗora shi kan kujera yana karanta musu jarida da littafi suna aiki. Daga kujerar nan ya tafi kurkuku, farko don yajin aiki, na biyu don ya rataya tutarmu mai tauraro ɗaya, wadda Amurkawa suka hana, a ƙofar makaranta, ya zauna ƙarƙashinta yana cin lemo har aka zo aka kama shi. Ni ce mai kai masa abinci duk biyun. In ka yi masa faɗa sai ya sara maka kamar soja, ya ce, "An ji, Janar."

Aikin da yake jiransa na san shi. Itatuwan kofinmu sun yi shekara uku ba a sassabe su ba.

Amma wane jirgi ya shiga? Kullum da rana ina zama a dandali inda motocin San Juan suke tsayawa. An ce jirgi uku sun iso daga wajenku. Direbobi har sun fara ce mini, "Doña Baudilia, yau ma babu saurayin naki." Ko ya tsaya wajen abokansa ne a babban birni? In haka ne zai ji a jikinsa.

Gwaggonki,
Baudilia Lugo

New York, 2 ga Agusta, 1937

Gwaggo,

Ki sa mini albarka in kin ga na cancanta. Lafiyarmu ƙalau. Wasiƙarki ta yi wata guda a aljihuna, na kasa amsawa. Wannan Doña Chepa ce za ta kawo miki hannu da hannu, don haka zan faɗi komai a fili.

Kawu ba gida ya nufa ba. Sifen ya tafi, inda su ma yarenmu suke yi, wajen yaƙin da ake yi. Ni na ɗauka za ki gane. Da na karanta zancen ɗan akuya sai na zauna a matakala na rufe fuska.

Ranar da labarin Ponce ya zo, ya fita da mutanen unguwa zanga-zanga, ya dawo bai ci abinci ba. Sati uku ba ya magana. Sai wata Lahadi muna cin shinkafa da wake ya fito daga ɗaki, kansa baƙi ƙirin yana ƙyalli. Man takalmi ya shafa.

Moncho ya ce, "Kawu, aure za ka yi?"

Ya ce, "Ba sa ɗaukar wanda ya haura arba'in."

"Kai shekarunka nawa?"

"Talatin da tara."

"Tun yaushe?"

"Tun jiya."

Ni ban yi dariya ba. Na ce, "Kawu, namu gidan yana ci, za ka tafi kashe gobarar wani?" Ya ajiye cokali. Ya ce, "Provi, shekara talatin ina karanta wa mutane labarin waɗanda suka tashi tsaye. Na gaji da ba da labarin wasu. A tsibirinmu an ɗaure na gaba, na baya ba su da ko bindiga goma. A can talaka ya samu gona da makaranta, manyan sojoji suka ce sai sun ƙwace. In na zauna ina kallo, ranar da tamu ta zo da wane baki zan kira wani?" Yana magana zufa tana gangaro da baƙin man a wuyansa.

Ranar Juma'a na bi shi shagon taba da yake karatu, na tsaya a bakin ƙofa. Mutum ashirin da wani abu, tsofaffi galibi. Ya karanta musu jarida kamar kullum, har farashin sukari, ya naɗe ta ya sauko. Bai yi jawabi ba. Sai wani ya fara buga wuƙar yankan taba a kan katako, na kusa da shi ya kama, har shagon gaba ɗaya ya ɗauka, ba wanda ya ɗaga kai ya dube shi. Ban taɓa jin sauti irin wannan ba, Gwaggo. Har muka kai kwana ina jinsa. Kawu bai waiwaya ba, sai dai ya riƙe hannuna da ƙarfi.

Aikin wanke-wanke ya kama a kicin ɗin jirgi, ya sauka Faransa bai koma ba. Kati ɗaya ya zo, ya ce ya haye duwatsu da ƙafa, kuma an ba shi aikin ɗaukar masu rauni.

Ki yafe mini.

Provi

Yauco, 24 ga Agusta, 1937

Providencia,

Albarka tana nan, ke ba ki yi laifi ba. Ina lafiya.

Sifen. Ki bari in gaya miki abin da ba a gaya miki ba. Ina da shekara goma, shi yana da huɗu, lokacin tsibirin nan yana hannun Sifen, jandarmominsu masu baƙar hula suka zo suka tafi da mahaifinmu. Sunayen abokansa suke so. Sanduna suka sa masa tsakanin yatsu suka ɗaure da igiya suna murɗawa. Kwana shida. Ya dawo bai ba su suna ko ɗaya ba, bai kuma ƙara riƙe cokali ba. Shekara goma sha tara ni ce hannunsa. Ni nake ba shi abinci, ni nake ɓalle masa riga, ni nake rubuta masa wasiƙa, shi ya sa na iya rubutu.

Ni na gani. Nicanor labari ya ji. Yau shi ne zai kai wa mutanen nan jininmu kyauta, yana da shekara hamsin da huɗu, da man takalmi a ka.

Na mayar wa mai nama ɗan akuyarsa. Ki rubuto mini zancen Moncho, da aikinki, da sanyi. Shi kuwa kada ki ƙara sa mini sunansa a takarda.

Baudilia

New York, 12 ga Disamba, 1937

Gwaggo,

Ki sa mini albarka. Muna lafiya, ƙanƙara ta fara sauka. Na yi wata uku ina bin umarninki. Yau zan saɓa, don wasiƙar da ta zo taki ce, ta hannuna kawai ta biyo. Takardar ta jiƙe a hanya, na kwafe miki ita yadda take. In kin so ki ƙona.

"Janar, gaisuwa da girmamawa. Ina lafiya, sai dai baya, da kwarkwata waɗanda ba su san ɓangaren da suke yi wa yaƙi ba. Provi ta ce kin yi fushi. Da ba ki yi ba da na ce ba ki da lafiya.

"Ba na harbi, sun ga idona sun ce kada in ɓata musu harsashi. Ni da wani muna ɗaukar waɗanda aka harba daga inda suka faɗi zuwa inda mota take iya zuwa. In an samu sarari ina karanta wa na kwance jarida. Rabinsu ba su iya karatu ba, suna ce mini in sake faɗin wata kalma don su yi dariyar yadda muke lanƙwasa harshe.

"Ga abin da ya sa na rubuto. A wani ƙauye mai itatuwan zaitun na roƙi ruwa a wata ƙofa. Wani tsoho ya fito da tulu, ya riƙe shi da wuyan hannu biyu, ya karkata mini. Yaya, na san wannan riƙon. Haka Baba yake riƙe kofinsa da safe. Na dubi yatsun. Na ce wa ya yi maka haka? Ya ce masu baƙar hula, shekarar da suka ƙi yi wa mai gona girbi. Sanduna da igiya. Na zauna a dokin ƙofarsa na ba shi labarin Baba. Ya ce ina ne Puerto Rico ɗin? Na ce tsibirin da kuka riƙe shekara ɗari huɗu. Ya ce, 'Mu? Ni ko jakin da nake hawa ba nawa ba ne.'

"Ban ce ki huce ba. Ke kika ɗauki cokalin, ni ina wasa a tsakar gida. Na dai ga ya kamata ki sani masu hular nan suna wancan ɓangaren, tsohon kuma yana wannan.

"Ƙanenki marar jin magana, Nicanor."

Ban ƙara komai ba, Gwaggo. Barka da Kirsimeti.

Provi

New York, 19 ga Yuni, 1938

Gwaggo,

Ki sa mini albarka. Wata shida ban ji daga gare ki ba, amma Doña Chepa ta rubuto wa ɗanta cewa kina nan da ƙafarki. Mu lafiya. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Tun Maris ba mu da labarin Kawu. Ranar Laraba wani mutumin Kyuba mai suna Fermín ya hau matakalarmu hawa biyar da ƙafa ɗaya da sanda. Ya ƙi zama sai da ya tambaya ko nan ne gidan Tsoho. Haka suke kiransa.

Ya ce a watan Afrilu aka fatattake su, suka yi ta gudu har bakin wani babban kogi, suka tarar an fasa gada. Masu iya iyo suka faɗa. Aka bar masu rauni goma sha huɗu a wani gidan niƙa a bakin ruwa, shi Fermín yana cikinsu. Da gari ya waye sai suka ga Kawu yana cire ƙyauren gidan. Ya ɗaura masa garewanin mai da babu komai a ciki, ya kwantar da mutum biyu a kai, ya tuɓe, ya shiga ruwa yana turawa. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, ya cika yana gudu. Ya kai su, ya dawo da ƙyauren, ya ɗauki biyu. Fermín yana cikin tafiya ta huɗu. Ya ce yana kwance yana kallon kan Tsoho fari fat yana nitsewa yana fitowa, leɓensa ya yi shuɗi, amma yana ce masa, "Kai ɗan Kyuba, daina motsi, ba rawa muka zo ba."

Sau biyar ya haye. A na biyar motocin yaƙin abokan gaba sun bayyana a kan tudu, kowa yana ganinsu. Mutane uku suka riƙe shi a gaɓa. Ya ce saura huɗu. Suka ce waɗannan huɗun ko an ɗaga su mutuwa za su yi. Ya ce, "Na sani. To su mutu su kaɗai?" Ya fizge ya koma.

Fermín ya ce daga hayi suka gan shi ya fito da rarrafe, ya ja ƙyauren har bakin ƙofa, ya jingina shi inda ya same shi, ya shiga. Bayan nan aka fara harbi, aka ɗauke su. An ce baƙin da aka kama a kwanakin nan ba a kai su ko'ina ba, nan take ake harbe su.

Moncho ya tashi ya tsaya a taga. Ni kuma na rasa abin yi, sai na zuba wa Fermín kofi. Shekara tara ina yi wa Kawu faɗa kan tokar taba a kan tebur.

Provi

Yauco, 10 ga Yuli, 1938

'Yata,

Allah ya yi miki albarka. Ina nan.

A kogin bayan gidanmu ya koyi iyo. Ni nake dukansa a kai.

Mun yi masa addu'ar kwana tara. Na ɗauka ni da maƙwabta ne kawai, sai ga mutane daga kan duwatsu, wasu ban taɓa ganinsu ba, har tsakar gida ta cika aka tsaya a hanya. A rana ta tara na karanta musu wasiƙarki. Ba ni da muryarsa, amma ba wanda ya yi tari.

Waccan ta tsohon mai tulu ban ƙona ba. Ban kuma ce na yarda da shi ba. Amma ki riƙa rubuta sunansa.

Baudilia

New York, 20 ga Fabrairu, 1939

Gwaggo,

Ki sa mini albarka, ki kuma cire baƙin kaya. Kawu yana da rai.

Kati ya zo ta hannun ƙungiyar agaji, rubutunsa ne, layi uku. Yana tsare a wani tsohon gidan ibada da aka mayar kurkuku a arewacin Sifen, tare da baƙi ɗaruruwa. Ya ce yana lafiya, a aiko masa da safa. Na yi ta yawo da katin a unguwa kamar mahaukaciya. Mu ma lafiya, na manta ban faɗa ba.

Amma akwai abin da ban gane ba. Na je wajen kwamitin da yake bin maganar fursunoni. Sun ce za a saki Amurkawa nan da wata biyu, suka nuna mini jerin, babu sunansa. Na ce ai duk ɗan tsibirinmu ɗan Amurka ne a takarda, ko yana so ko ba ya so. Mutumin da na tarar a can ya ce ban da wannan. Ya ce an bincika an ga Kawu ba shi da wannan matsayin, amma abin mai sauƙi ne, wani jami'i daga ofishin jakadanci zai kai masa takardar mubaya'a, ya sa hannu, ya shiga jirgi da sauran.

Me ke nan, Gwaggo? Kin san wani abu?

Provi

Yauco, 6 ga Maris, 1939

Providencia,

Allah ya yi miki albarka, ya saka miki. Da na karanta layin farko sai na zauna na sake karanta shi.

Na sani. A 1917 aka wayi gari aka ce dukanmu mun zama 'yan Amurka, ba a tambayi kowa ba. Aka ce wanda ba ya so ya je kotu ya faɗa da bakinsa, amma ya sani ba shi ba zaɓe, ba shi ba aikin gwamnati. Duk faɗin tsibirin nan waɗanda suka je ba su kai ɗari uku ba. Nicanor ya sa farar rigarsa ya tafi. Na ce masa mutum ba ya cin tuta. Ya ce an ji.

Ga wasiƙa a ciki, ki san yadda za ki yi ta kai gare shi. Ban rufe ba, ki karanta. Abin da na ce ke nan:

"Nicanor, na yi maka addu'ar matattu sau ɗaya, ba ni da ƙarfin ta biyu. Ban taɓa roƙonka komai ba, umarni nake ba ka kana ƙi. Yau roƙo nake. Ka yi abin da ya fi ƙarfin mutum goma, ba wanda zai ce ka ji tsoro. Takarda ce. Ka sa hannu ka dawo in gan ka."

Na haɗa da safa ƙafa biyu.

Baudilia

New York, 8 ga Mayu, 1939

Gwaggo,

Ki sa mini albarka. Muna lafiya. Na san waccan gajeriyar takardar da na aiko miki a Afrilu ta same ki, wadda na ce katinsa ya zo yana cewa, "Na ga wasiƙar Janar. Na sa hannu." Sau biyu ke nan ina sa ki shiri a banza. Wannan karon ni ma na yi shirin, har labule na canja a ɗakinsa.

Ranar Asabar jirgin ya iso. Ni da Moncho da Fermín da tsofaffin shagon taba muka tsaya a tashar jirgi tun safe. Mutum saba'in da ɗaya suka sauko, ramammu, kawunansu a aske. Na ƙirga su har na ƙarshe. Sai wani dogon Bature ya zo yana duba fuskoki, ya tsaya a gabana ya ce da yarenmu, irin lanƙwasar Yauco sak, "Ke ce Provi mai faɗan toka?" Walter sunansa, maƙerin ƙarfe ne daga Ohio. Kawu ne ya koya masa magana.

Walter ya ce a kurkukun kullum bayan rabon miya Kawu yakan hau kan wani dutse ya ba su labari daga littattafan da ya haddace, yana yankewa a daidai inda ya fi daɗi don kowa ya so ganin gobe. Har masu gadi sukan matso. Ya ce cikin huɗun nan na gidan niƙa biyu sun rayu, don da sojoji suka shigo sun tarar da tsoho tsirara a tsaye a gabansu yana yi musu faɗa da yarensu kamar ubansu, har hafsansu ya sa aka kawo mota.

Walter yana wurin ranar da jami'in ya zo. Ya ce mutumin kirki ne, ya ba Kawu kujera da taba. Kawu ya karanta takardar har ƙasa, ya ja layi a kan wasu kalmomi, ya rubuta: Nicanor Lugo, ɗan ƙasar Puerto Rico.

Jami'in ya ce, "Mista Lugo, babu wannan ƙasar a jerina."

Kawu ya ce, "To jerinka ne bai cika ba."

Bayan sati jami'in ya sake dawowa da sabuwar takarda, ba wanda ya sa shi. Ya ce, "Ka ji tarin da kake yi? Ba za ka ga wani sanyin a nan ba. An ce kana da 'yar'uwa." Walter ya ce Kawu ya fito da wasiƙarki daga cikin riga ya shimfiɗa kusa da takardar. Ya riƙe alƙalami ya daɗe, har hawaye ya sauko masa bai share ba. Sannan ya rubuta abin da ya rubuta da farko. Ya ce, "Yayata ta ce in sa hannu, na sa. Ba ta ce in yi ƙarya ba."

Ranar da aka fito da su ya hau dutsen nan ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya da muryar karatu, kowa da garinsu, ba takarda a hannunsa. Walter ya ce shi bai taɓa jin sunan garinsu ya yi daɗi haka ba.

Safar ta kai. Tana ƙafarsa.

Provi

Yauco, 14 ga Janairu, 1940

Providencia 'yata,

Allah ya yi miki albarka, ke da Moncho. Wasiƙunki uku sun zo, ban amsa ba don ba ni da abin faɗa. Jikina da sauƙi.

Ranar Talata fada ya zo da kansa da ambulan daga Sifen. Wani limamin cocin can ne ya aiko ta hannunsa. Nicanor ya rasu ranar tara ga Nuwamba a ɗakin marasa lafiya na kurkukun, ciwon ƙirji. Limamin ya ce bai wahalar da kowa ba, sai dai ya gyara masa karatu sau biyu.

A cikin ambulan akwai takardar shaidar mutuwa, ta hukuma, da hatimi da komai. Suna, shekaru, sana'a. A wajen sana'a an rubuta mai karatu. A wajen ƙasa an rubuta Puerto Rico. Ban san wane magatakarda ne ba. Wataƙila ya tambaye shi ne ya rubuta abin da ya ji, yana sauri ya tafi cin abinci. Fada ya ce a saninsa bai taɓa ganin takardar wata hukuma da ta rubuta haka ba.

Ban gaya wa kowa ba, wannan karon da gaske, amma zuwa Alhamis layi ya kai bakin hanya. Suna shigowa ɗaya ɗaya, na shimfiɗa ta a kan tebur, ba na bari a taɓa. Waɗanda ba su iya karatu ba suna cewa in nuna musu wurin da yatsa. Jiya sajan ɗin 'yan sanda ya zo, na ce to, an zo karɓewa. Ya sunkuya ya karanta, ya daɗe, ya ce, "Doña Baudilia, ki sa ta inda laima ba za ta kama ta ba." Ya fita.

Na yi fushi da shi daga Mayu har ranar Talata. Na ce ya zaɓi kalma biyu a kaina. Har yanzu in da za a ba ni zaɓi, shi zan ɗauka in bar musu takardar. Amma ina zaune ina kallonta sai tsoro ya kama ni, irin wanda yake kama mutum in ya tsaya gindin babban dutse. Ni na yi masa wanka, ni na goye shi, ni na ja kunnensa. Ban san wanda nake ja wa kunne ba.

Roƙo ɗaya gare ni. Ni yaro na sani, da saurayi mai taurin kai. Ke kika zauna da dattijon shekara tara. Ki rubuto mini shi, kaɗan kaɗan, duk Lahadi in kin samu hali. Ba manyan maganganu ba, waɗannan kowa zai faɗa. Ki fara da abin da yake ci da safe.

Gwaggonki,
Baudilia Lugo